Ɗan-Tak da Bayan Malam Sa'idu

Kullum kuna kawo mini wayoyinku kuna nuna mini masu murɗe wuyan mutane. Ƙashi ya yi ƙas, mai ciwo ya miƙe yana dariya, sai ku ce, "Baba Habu, ai wannan ko mu ma za mu iya." Sa ƙashi ƙara kam za ku iya, ga yatsunku nan ku lanƙwasa ku ji. Abin da wayar ba ta nuna muku shi ne yadda mutumin ya kwana, da yadda ya wayi gari bayan mai ɗaukar hoton ya tafi. Ni kuwa a gari ɗaya nake zaune da waɗanda na taɓa. A masallaci ɗaya muke sallah, ina ganin yadda kowa yake sunkuyawa.

A hannun kawuna na koyi aikin, Kawu Mati, maɗorin ƙauyenmu da ke gabas da Makoɗa. Mu biyu ne a gabansa, ni da ɗansa Ɗanjuma, wanda yake sa'ana kuma taubashina. Kayan aikin ba su da yawa: tabarma, karan dawa da aka fere, tsummoki masu tsabta, da ƙwaryar man shanu. Sauran duk hannu ne. Mun daɗe ba a bar mu mun taɓa kowa ba sai riƙo. Kai ne za ka danne kafaɗa ko ka kama ƙafa, mai karaya yana zaginka yana zagin danginka, kai kuma ba halin ka saki. Da yamma Kawu yakan zuba ƙasusuwan akuya a buhun dusa ya ɗaure bakin, ya ce mu laluba ta waje mu faɗi wane ƙashi ne, kuma ina ya fuskanta. Ɗanjuma ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, tafin hannunsa kamar faifai. Ni kuma na fi shi jin abin da ke cikin buhun.

Na tuna wani mahauci daga Dawakin Tofa da aka kawo a kan jaki, ya saɓi cinyar saniya ƙugunsa ya riƙe. Kawu ya kwantar da shi rubda ciki, ya ɗora tafi bisa tafi a gadon bayansa, ya ce ya ja numfashi ya saki. Yana saki Kawu ya sakar masa nauyinsa gaba ɗaya. Har a ƙofar zaure an ji ƙarar. Mutumin ya tashi ya miƙe, ya koma gida yana jan jakin da hannunsa, ranar kasuwa kuma ya aiko mana da tozo. Irin wannan aikin ne ya yi wa Kawu suna, kuma ba ƙarya a cikinsa. Ga ƙaƙƙarfan mutum mai cin nama, hannu yana aiki.

Amma a makon nan aka kawo wata tsohuwa da ciwo iri ɗaya. Kawu ya shafa haƙarƙarinta, ya janye hannunsa, ya ce mu zo mu ji. Kamar busasshen kara yake. Ya gaya mana akwai bayan da ba a hawa, ko mai shi ya roƙe ka. Ya shafa mata man shanu, ya yi mata addu'a, ya sallame ta. Ta tafi da ciwonta kamar yadda ta zo da shi. Tsofaffi, da masu jego, da duk wanda jikinsa ya yi laushi, abin da muke da shi dominsu ke nan.

Cin rani ne ya kai ni birni, na sami aikin tura marasa lafiya a sashen gashin ƙashi na wani asibiti. Akwai wani likita baƙo daga ƙetare, ɗan siririn mutum mai ƙananan hannaye, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. A aljihun rigarsa na fara ganin ƙarfen. Tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba, siffarsa kamar babban sirinji amma ba allura. A bakinsa akwai roba kamar kan babban yatsa, a cikinsa akwai sifirin, a wuyansa kuma zobe ne da ake juyawa a ƙara ƙarfi ko a rage. Za ka ɗora robar a gefen gaɓar da ta riƙe, ka saita inda kake so ta nufa, ka matsa, sai ya yi tak. Shi ke nan.

Ranar da ya gwada mini a tafin hannu dariya na yi, don bai fi a ɗalle ka da yatsa ba. Ya bar ni na gama, sannan ya yi mini bayani da guntuwar Hausarsa. Ya ce idan mai ciwo ya ga hannu na zuwa, jikinsa yakan ɗaure don tsoro, sai ka ƙara ƙarfi kafin ka ci ƙarfin naman, kuma a nan ake ɓarna. Wannan kuwa kafin jiki ya ankara ya shiga ya fita. Mai ciwo ba a murɗa shi, ba a ɗaga shi, ba a hawa kansa. Da ya lura yatsuna suna gane wurin da ya riƙe, sai ya riƙa kirana in tsaya kusa. Amma abin da ya fi nanata mini ba yadda ake matsa ƙarfen ba ne, waɗanda ba a taɓawa ne. Wanda ƙafarsa ta mutu ko yake jan ta a ƙasa, wanda fitsari ya ƙi fita ko ya ƙi tsayawa, mai ciwon baya da zazzaɓi da rama, duk waɗannan ya ce ba na ƙarfe ba ne ba kuma na hannu ba ne, na masu hoto da tiyata ne.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka shigo. Albashi ya riƙa makara, magani ya ƙare a kanta, baƙin likitoci suka fara haɗa kayansu. Nawa ma ya tafi. Ƙarfen biyu gare shi, ya bar mini ɗaya da 'yan robobi a cikin gwangwani. Ba a jima ba aka sallami irinmu, na dawo gida. Na tarar Kawu ya rasu, Ɗanjuma ya gaji zauren, damina kuma ta fara yi wa mutane gardama.

Mutanen gari ne suka raɗa masa suna ɗan-tak. Ɗanjuma kuwa ya sami abin tsokana. Duk inda ya gan ni sai ya ce taubashinsa ya je birni ya dawo da abin kashe ƙuma. Maza majiya ƙarfi ba su zuwa wurina, kuma ban ga laifinsu ba. Mutum ya baro gonarsa ya zo, yana so ya ji a jikinsa an yi masa aiki. Kai kuma ka ɗan taɓa shi tak, tak, ka ce ya je ya huta ya dawo jibi. Wani a gabana ya ce ko sauro ya fi wannan cizo, ya tashi ya wuce zauren Ɗanjuma.

Wadda ta fara buɗe mini ƙofa Inna Ladi ce, mai ƙuli-ƙuli. Matsar man gyaɗa ta ɗaure mata wuya har ba ta iya waiwaye sai ta juyo da jikinta duka. Ta kan mayafinta na laluba na sami gaɓar, na mayar da zoben can ƙasa, na ɗora. Zuwan farko ta ce ita ba ta ji an yi komai ba. Na hana ta ɗaukar tulu, na nuna mata yadda za ta ɗaga turmin matsar a kan dutse don ta daina duƙawa. Ta yi ta zuwa tana mita. Rannan sai ga ta da ƙullin ƙuli, ta ce yau ta yi sallamar sallah dama da hagu da wuyanta kaɗai. Daga bakinta labari ya shiga gidaje. Magidantan da ba za su taɓa yarda wani namiji ya danne matansu a tabarma ba suka yarda da ƙarfe ta kan mayafi. Haka na zama mai gyaran tsofaffi da mata, Ɗanjuma na ƙarti, kowa da kasuwarsa.

Shekarar da nake so ku ji ita ce wadda ta biyo farin da ya maimaita kansa. Rumbuna sun zama fanko tun kafin bazara. Ana cin dusa da tafasa, samari duk sun yi kudu neman abin kai wa baki. Mu masu taɓa jikin mutane mun riga kowa sanin zurfin yunwar. Bayan da na sani da tsoka sai na ji shi ƙashi zalla, gaɓoɓin a jere kamar carbi. Ɗanjuma ma ya ji abin da na ji. Ya rage ƙarfin hannunsa, kuma duk da bakin nan nasa, a ɓoye yakan ce wa dattawa su je wurin mai kashe ƙuma. Kada ku ɗauka jahili ne. Ɗan Kawu Mati ne, ya san aikinsa.

Malam Sa'idu manomi ne da ake misali da shi a garinmu. Idan ya yi saran shuka, layinsa kamar an ja igiya. Ya girme mu, 'ya'yansa maza biyu sun tafi kudu ba labari, daga shi sai mai ɗakinsa Hajara. Yunwa ta sa ya sayar da jakinsa, amma bai taɓa irin geronsa ba, yana nan a tukunya an liƙe bakinta da laka. Da ba jaki, sai ya riƙa kai taki gona a buhu a kan bayansa. A nan abin ya same shi. Ya sunkuya zai saɓa, ya ji wani abu ya tsarga masa daga ƙugu har dunduniya.

A zaurensa na duba shi. Ƙugun ya riƙe tamau, wannan ban damu da shi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da na tsikari babban yatsansa na ƙafar hagu da tsinke, sai ya ce yana ji amma kamar ta kan takalmi. Na gaya masa gaskiya, na ce wannan na asibitin birni ne. Ya yi murmushi ya tambaye ni ko likitan da ya bar ni ya tafi ya dawo ne. Na ce to, zan sassauta masa naman da ke sama da wurin da na gefensa, ba zan taɓa gaɓar kanta ba, shi kuma sharaɗinsa ya kwanta, kada ya ɗaga ko buta. Ya yarda. Kullum da hantsi nakan je. A hankali zafin ya fara ja da baya, ya koma yana iya juyawa a shimfiɗa, har ya fara jin tsinken sosai. Na ce masa muna kan hanya, amma sai an ba shi 'yan makonni.

Sai hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Na ga yadda yake kallon sama ta ƙofar zaure, na san abin da ke ransa. Na ce ya kira gayya a shuka masa.

Ya ce, "Habu, gayya da kunu ake kiranta. Me zan dama musu? In tara mutane masu yunwa a gonata su wuni, in sallame su da na gode?"

Na ce ai kowa ya san halin da ake ciki, ba wanda zai sa rai da kunu. Ya ce shi ya sa ma ba zai kira ba, kowa yana da tasa gonar da nasa ƙarfin da bai kai ya kawo ba. Ya hana ni yi wa liman maganar, ya hana Hajara.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Laraba da la'asar, mai yawa, irin wanda aka yi shekaru ba a gani ba. Washegari na je zaurensa na tarar ba ya nan. Sauran labarin daga bakin Ɗanjuma na ji shi. Ya ce bayan sallar asuba ya ga Malam Sa'idu a ƙofarsa, ya dogara sanda, Hajara na riƙe da shi. Ya shafa bayan, ya ce ba zai hau ba, ya koma wurin Habu. Malam Sa'idu ya ce na Habu yana da kyau amma ba ya sauri, ƙasa kuma ba za ta jira ba. Ya tuna masa cewa Kawu Mati ya taɓa gyara wannan bayan, a take ya koma gona. Ɗanjuma ya ce wancan bayan na mai ƙoshi ne. Suka yi ta ja, har Malam Sa'idu ya faɗi maganar da ta ci ƙarfin Ɗanjuma.

"Idan ka taɓa ni na lalace, ni kaɗai ne. Idan danshin nan ya wuce ban shuka ba, mu biyu ne, har da yaran in sun dawo. Ka taimake ni don Allah."

Ɗanjuma ya kwantar da shi. Ya rantse mini ko rabin ƙarfinsa bai sa ba. Ƙashi ya yi ƙara, Malam Sa'idu ya tashi tsaye ba sanda, ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo, yana ta sa albarka. Daga nan gida ya biya ya fasa bakin tukunyar iri, ya saɓi sungumi, Hajara ta bi shi da ƙwarya, ita da ba ta taɓa fita gona ba. Ta gefen gabas ya fara. Yana sara tana jefa iri tana rufewa da ƙafa. Kafin azahar ya ce bari ya ɗan zauna a gindin gawo. Da ya zo tashi, ƙafafun suka ƙi.

Har yau ban san ko hannun Ɗanjuma ne ba, ko sungumin ne, ko kuwa abin dama yana tafe. Na faɗa wa duk wanda ya tambaye ni haka, na kuma faɗa wa Ɗanjuma, amma bai karɓa ba. An haɗa hannu an kai Malam Sa'idu birni a motar kasuwa. Suka yi hoto, suka ce lakar bayan ta matsu, mai yin irin wannan tiyatar kuma ba ya ƙasar. Aka dawo da shi a kwance.

Tun kafin motar ta dawo liman ya yi magana a masallaci. Da safe duk wanda ke iya ɗaga sungumi ya fita gonar Malam Sa'idu, kafin rana ta take an gama shuke ta. Ba kunu, ba goro, ba wanda ya tambaya. Haka aka yi masa noman firi, haka aka yi maimai. Aikin da ya ci ƙafafunsa bai ci wa gari ko wuni ɗaya ba. Tun daga lokacin, idan manomi ya zo mini da baya a bakin damina, kafin in taɓa shi nakan tambaye shi wa zai riƙe masa gona. Idan ya ce babu, ba na neman izininsa, liman nake nufa. Wannan ma cikin sana'ar yake, kuma ba a wurin Kawu ko likita na koye shi ba.

Ɗanjuma bai sake hawa bayan kowa ba. Ya ci gaba da ɗorin karaya na ɗan lokaci, daga baya ya bar zauren ya koma bin kasuwanni da awaki. Ƙartin da ke zuwa wurinsa suka dawo wurina, suna kwanciya shiru a yi musu tak. Ɗan-tak ya yi mini aiki shekaru masu yawa. Robobin suka ƙare, na riƙa yanka na tayar keke. Daga baya sifirin ɗin ya saki. Na kai wa maƙeri a Dawakin Tofa, na kai wa mai gyaran agogo a birni. Sifirin da suka sa ko ya yi sanyi kamar ba a yi ba, ko ya yi duka kamar guduma. Na gwada na ƙarshen a gwiwata, na san ba zan ɗora shi a wuyan tsohuwar kowa ba, na ajiye. Yanzu da babban yatsa nake kwaikwayonsa, kuma ba ɗaya ba ne, yatsa ba shi da wannan saurin. An ce akwai sababbi har masu lantarki. Ban taɓa riƙe ɗaya ba, kuma ban sami wanda na koya wa na farkon ba, don duk wanda ya zo koyo ƙarar yake so.

Waccan daminar kuwa ta yi kyau har ƙarshe. Da gero ya nuna, Malam Sa'idu ya ce a kai shi ya gani kafin a girbe. Aka shimfiɗa masa tabarma a amalanke, Ɗanjuma ne ya tura, bai bar kowa ya kama masa ba. Ni da Hajara muna biye. Ya riƙa sa a tsaya yana kamo zangarniya yana murzawa, yana faɗin wannan layin saran wane ne, wancan na wane, yana yaba wasu yana kushe wasu. Da muka kai gefen gabas ya ɗaga hannu. Layukan farko a miƙe suke sambal. Na bayansu sun fara karkacewa, tazarar ta ɓaci, na ƙarshen ma bai kai rabi ba ya tsaya.

Ya ce, "Wannan kuma wa ya yi mini shi haka? Ko da ido a rufe aka sara?"

Ɗanjuma ya sunkuyar da kai. Can Hajara ta ce a hankali, "Naka ne, Malam. Na ranar nan."

Ya daɗe yana kallon layukan. Geron cikinsu ya fi na ko'ina tsayi, don shi ya riga shan danshi. Sannan ya ce kada a haɗa su da sauran dammuna, a ware su, su za a ajiye iri. Ya juyo ya miƙa wa Ɗanjuma wuƙar girbin da ke gefensa, ya ce shi yake so ya yanka.

Ɗanjuma ya karɓa ya shiga cikin geron. Muka tsaya a rana muna jiransa har ya gama.